Har Ƙasan Adudu

"Na ce nata ya fi nawa nauyi!"

"Ke kinka ɗauka?"

"Ina da ido, Yaya. Da anka aza wa Gwaggo adudun Sakinatu sai da ta yi nishi. Nawa kuwa, awa faifai anka ɗauke shi."

"Gwaggo ko ɗankwali anka aza mata sai ta yi nishi."

"To ba ni tahiya."

Arzika ya dubi ƙanwarsa Asma'u. Amarya ce, a lulluɓe har ƙafa, tana kuka yadda ake so amarya ta yi. Sai dai tsakanin shessheƙa da shessheƙa ciniki take yi, irin na dillalan kasuwar Kaoje.

Tagwaye ne, ita da Sakinatu. Ubansu, marigayi Malam Atiku, ya ƙi raɗa musu sunan da aka saba raɗa wa tagwaye, wai kada su ɗauki kansu wani abu. Sun ɗauka. Garin ne ya taya su. Kowa ya san ba a bambanta tagwaye: wanda ya ba ɗaya goro ya hana ɗaya, to ya zazzage takalminsa da safe, kunama na ciki tana jiransa. Arzika ya yi makarantar Midil a Birnin Kebbi, bai yarda da wannan shirme ba. Takalminsa dai yana zazzage shi kullum, don tsabta.

Rana ɗaya aka ɗaura musu aure. Sakinatu za a kai ta Bagudo, gidan wani mai fataucin shinkafa. Asma'u kuwa tsallaken iyaka za ta, Dahomai, inda mutanen garin har yanzu Faransa suke ce wa. Ita ta zaɓi mijinta, wani Bafillace mai shanu da ta gani a kasuwa, ta kafe sai shi. Yau ga danginsa sun zo ɗaukarta, suna zaune gindin ɗorawa a ƙofar gida da takarkari biyu na ɗaukar kaya, wan ango Hamma Yero yana gaba.

Ba su da lokaci. A da iyakar wani dutse ne da awaki ke kwana a kai. Bana ƙasashen biyu suka sami mulkin kansu, kuma abu na farko da kowacce ta yi da shi, ta saro gora ta gicciye hanya. Rana na faɗuwa ake sauke gorar. Hamma Yero ya faɗa tun da hantsi, cikin ladabi, idonsa a ƙasa, cewa za su kwana gida yau, da amarya ko ba amarya. Ya ƙara da cewa a gidansu ba a taɓa zuwa ɗaukar mace sau biyu ba, kuma ba da shi za a fara ba.

Duk wanda ke tsakar gidan ya ji. Asma'u ma ta ji. Ta gyara zama.

"Daidai suke, ɗiyata," in ji Inna Sabuwa, uwarsu. Tana zaune kan turmi, hannayenta a cinya. "Ni na haɗa su. Jiya ban nuna miki naki ba, har ƙasa?"

"Kin nuna mini nawa. Ba ki nuna mini nata ba."

"Ita ma na nuna mata nata."

"Haka ne," in ji Sakinatu daga ƙarƙashin nata lulluɓin. Ba ta cika magana ba. "Ni dai na yarda da Inna."

"Ke kin yarda, tunda nan kusa anka aje ki. Ni da za a jefa Faransa, wa ya san abin da anka rage mini?"

"Ke kinka jefa kanki," in ji Arzika.

"Ina magana da masu aure, Yaya."

Matan da suka zo biki suka kwashe da dariya. Arzika ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Tun da ya bar makaranta ba shi da aiki. Kullum yana bakin gorar nan, wajen Festus, mutumin Kudu, ma'aikacin kwastan. Yana ɗaukar masa kujera, yana yi masa tafinta, ba ko kwabo, yana jiran ranar da za a ce ana neman malamin rubutu. Ya sayi gajeren wando na kaki. Ya maƙala fensir a kunne. Abu ɗaya ya koya a wurin, kuma yana ji da shi. Festus yakan ce masa da Hausarsa ta bariki: "Aboki, kar ka yarda da murfi. Buɗe. Abin da yana ciki, shi ma buɗe. Sai ka kai abin da ba ya buɗewa, sannan ka ce ka gani."

Arzika ya taɓa fensirinsa.

"A kawo adudun biyu," ya ce. "A aje su gefe da gefe. Yau za a yi abu bisa ƙa'ida a gidan nan."

"Ba a kwance kayan amarya ranar kai ta," in ji Inna.

"Da can ne, Inna. Yanzu mulkin kai anka yi."

"Arzika, bar shi."

A hankali ta faɗa. Ya dube ta. Inna in ranta ya ɓaci mazarinta take ɗauka ta yi ta kaɗi har abin ya wuce. Yau hannunta ba komai. Ya ɗauka gajiyar biki ce, da kuma tsoron da tsofaffi ke yi wa duk abin da aka zo da shi daga makaranta. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi biyu.

Aka kawo adudun, manyan kwandunan nan masu murfi da ake zuba kayan amarya. Arzika ya zaga su, hannu a baya, kamar yadda Festus ke zaga buhunan gishiri. Masaƙi ɗaya ya yi su, wani tsoho a Kende. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, jan layin da ke wuyansu ɗaya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan.

"Daga waje, daidai suke."

"Daga waje kai ma ma'aikaci ne," in ji Asma'u.

Gwaggo, ƙanwar ubansu, ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Arzika ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga murya ya kafa doka: za a buɗe murfi biyu tare. Abin da ya fito nan, sai ɗan'uwansa ya fito can. In abin yana da ciki, ba za a wuce shi ba sai an shiga cikin. Ba wanda zai taɓa komai sai shi.

Ya buɗe.

Zannuwa ne a sama. Saƙi da saƙi. Baƙin rini da baƙin rini. Ɗankwali da ɗankwali. Yana ɗagawa da hannu biyu, yana nuna wa jama'a, yana ajiyewa. Abin ya fara yi masa daɗi. Sai aka zo kan atamfa, koriya mai fararen taurari, wadda ake yayi bana saboda bikin mulkin kai.

"Tsaya," in ji Asma'u. Ta zuro hannu mai lalle daga cikin lulluɓi, ta kama bakin zanen. "Rubutun ga ba iri ɗaya ba ne."

Ba ta iya karatu ba, amma ba ta yi kuskure ba. Inna ta sayi ɗaya a kantin Ijeamaka a Bagudo, ta tarar ita ke nan ta rage, ta aika aka sayo ɗayar a tsallake. Zane ɗaya, launi ɗaya. A bakin ta Sakinatu an yi rubutun Ingilishi, a bakin ta Asma'u na Faransa.

"Kun gani? Tun ban tahi ba an sa mini tufafinsu."

"Bakin zane kalmashe shi ake yi," in ji Arzika. "Wa za ya karanta shi can? Shanu?"

"Kai karanta mana, mai Midil. Mi anka ce?"

Ya duba. Haruffan ya san su ɗaya bayan ɗaya, amma da suka haɗu sun ƙi gaishe shi.

"An ce zane ne mai kyau," ya ce. "Hukunci: abin da ba a gani in an ɗaura, ba ya cikin lissahi. Daidai."

Ƙarƙashin zannuwa akwai kwalla, babban kwanon nan mai fure. Ya fito da su biyu. Ya ƙwanƙwasa, ƙara ɗaya. Cikin kwalla akwai kwano, cikin kwano wani kwanon, cikin wannan kuma ƙwarya. Inna ta haɗa kayan ne yadda matan garin ke haɗawa, kowane abu a cikin wani, don kada a bar ko tafin hannu na wuri a banza. Arzika ya ga aikin da ya ɗauko ya fi yadda ya zata. Duk abin da ya buɗe sai ya haifar masa wani.

A kan ƙwarya aka yi rikici na biyu. Asma'u ta ce ta Sakinatu ta fi zurfi. Arzika ya sa aka kawo shinkafa, ya cika ta Sakinatu, ya share baki da fensir, ya juye a ta Asma'u. Ƴan ƙwayoyi suka zube kan tabarma.

"Allahu akbar!" in ji Asma'u. "Ga shi nan! Kowa ya gani!"

Kaza ta zo ta cinye shaidar.

Ƙoƙon da ke cikin ƙwaryar kuma da aka gwada, na Asma'u ne ya fi. Ta ce wannan ba komai ba ne, ƙoƙo ai ƙoƙo ne. Arzika ya share zufa ya sake yanke hukunci: abin da mutum ya ƙera, a gwada shi da kama, abin da Allah ya tsirar a gona, a gwada shi da amfani. Ƙwarya biyu in duk suna dama fura, daidai suke.

"A Midil anka koya maka wanga?" in ji Gwaggo.

"Ƙa'ida ce, Gwaggo."

"To Allah shi ƙara ilimi. Ni da na ɗauka sai an je Makka."

Daga zaure aka ji gyaran murya. Hamma Yero ne, bai shigo ba, ya tsaya inda baƙo ke tsayawa.

"Arzika, lafiya dai ko? Inuwa ta wuce takarkari."

"Yanzu, Hamma. Bincike muke."

"Na ji. Can ma bakin gora wani binciken na jiranmu. Ko ka ba mu takarda mu nuna musu an riga an yi?"

Fulanin da ke waje suka yi dariyarsu ta ciki-ciki. Arzika ya koma kan aikinsa, ya ƙara sauri.

Gefen kwalla akwai ƙunshi, cikin ƙunshi sabulu, mataji, madubi, tandun kwalli, jigida. A na Sakinatu sabulu ne a sama, mataji a ƙasa. A na Asma'u mataji ne a sama.

"An juya mini nawa."

"Jeri ba ya cikin hukunci."

"Wa ya ce?"

"Ni."

"Ɗazu ka ce abin da ya hito nan sai ɗan'uwansa ya hito can. Sabulu ɗan'uwan mataji ne?"

Arzika ya juya ƙunshin Asma'u, ƙasa ta koma sama, ya sake kwancewa. Sabulu ya fito a sama.

"Daidai," ya ce.

Tandun kwalli ya zare musu marfi ya leƙa. Jigida ya miƙe su gefe da gefe. Wani gwangwani ya buɗe, ya tarar da zare, cikin zaren an soke allura, ya zare allurai ya gwada tsininsu a ɗan yatsa. Matan biki sun daina dariya, sun matso. Ko ba komai, ba kullum ake ganin cikin adudun wata ba, kowacce tana auna abin da Sabuwa ta iya yi wa ɗiyanta da abin da ita ta yi wa nata. Sun so su sami abin faɗa a rijiya. Har yanzu ba su samu ba. Mace ba miji, da ɗan kaɗinta da ƴar gonar shinkafar da ruwa ke cinye rabi kowace shekara, ta yi komai biyu, har tsinken sakace.

Inna kuwa duk murfin da aka buɗe sai ta kawar da kai. Can ta miƙe.

"Asma'u, ɗauki zanena na Sallah ki ƙara. Ki tashi ku tahi, rana na yi."

"In anka ƙara mata, ba daidai ba ke nan," in ji Arzika.

"To ku sha hura tukuna. Ta kusa tsami."

"Mun kusa ƙasa, Inna."

"Na sani," ta ce. Ta koma kan turmin.

A can ƙasan kowane adudu akwai taskira, ɗan ƙaramin kwando. Cikin taskira auduga. Cikin auduga batta ta fata, wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba. Arzika ya murɗe marfin battocin biyu. Cikin kowacce akwai ƙulli ɗaya na baƙin tsumma, an ɗaure shi tamau.

Kowa ya san ko mene ne.

Murjanin Kaka ne. Ƙwaya ce babba, ja wur, ta fito daga uwar uwar Inna, kuma a gidansu uwa ɗiyarta mace take ba wa ranar da za a kai ta ɗaki. Ba a sa shi a wuya kafin nan. Ba a kuma kwance ƙullin sai ranar sunan ɗan fari. Ranar da aka haifi tagwaye, dangin miji sun taru suna tambaya, to yanzu wa za a ba? Sabuwa tana kwance kan gadon biƙi ta ce kada kowa ya damu, ai biyu ne, Kaka ta bar biyu, kamar ta sani. Aka yi ta mamakin ikon Allah. Tun suna ƙanana, in sun yi rigima, takan ciro ɗaya ta nuna musu, ta ce ɗayan na ƙasan tukunya, su yi haƙuri har su girma.

Inna ta taso. Wannan karon muryarta ba ta yi laushi ba.

"Nan za ka tsaya. Wanga ba a kwance shi."

"Gaskiya ne," in ji Gwaggo. "Ko Bature bai kwance wanga ba, bare kai."

Matan suka amsa. Arzika ya tsaya da ƙulli a kowane hannu. Festus ya ce sai ka kai abin da ba ya buɗewa. Wannan yana buɗewa, hana shi aka yi. Ya auna su a tafinsa. Nauyi ɗaya. Tsumma ɗaya, daga tsohon zane ɗaya aka yage. Ɗauri ɗaya. Ya latsa, abu mai tauri ne, kewayayye, a nan da can.

"Na ga nawa jiya da la'asar," in ji Asma'u. Muryarta ta sauka. "Gabana ta ƙulle shi. Awa ƙwan kurciya."

"Ni da hantsi," in ji Sakinatu. "Nawa ma awa ƙwan kurciya. Da ɗan tabo gefen hudar."

"Nawa ma da tabo."

"To kin ji."

Asma'u ta dubi kayan da ke baje kan tabarmi biyu, kamar kasuwa da inuwarta. Ta ja hanci. Ta laluba takalminta da ƙafa. Gwaggo ta fara haɗa kwanoni tana cewa a yi maza. Wata ta leƙa zaure ta ce wa Fulani su kusanto da takarkari. Inna ta miƙo hannu don karɓar ƙullin.

Magana ta ƙare. Da ya miƙa mata, shi ke nan.

Amma abin bai gamshe shi ba. Ya yi aikin yini, ya sha dariya, kuma a ƙarshe ba shi ya rufe shari'ar ba, hirar mata ce ta rufe ta. Me zai gaya wa Festus gobe? Cewa ya kai ƙasa ya tsaya don Gwaggo ta ce? Sai wata dabara ta faɗo masa, mai kyau, wadda ko Festus bai taɓa yi ba. Ya ji ta har cikin ƙirjinsa.

"Saura hujja ɗaya," ya ce. "Ba sai an kwance ba."

Ya cire hularsa.

"Abu biyu in dai daidai suke, ba ruwan kowa da wanne ne na wa. Ko ba haka ba? Kowacce ta sa hannu ta ɗauki wanda Allah ya ba ta."

Ya jefa ƙullin biyu cikin hula, ya damƙe baki, ya girgiza.

"Kada ka gauraya!"

Ba a taɓa jin Inna ta yi irin wannan ƙara ba, ko ranar da aka shigo da gawar Malam Atiku. Ta yi tsalle ta kama hannunsa da hannu biyu. Ta makara. Arzika ya girgiza hular da kyau, yadda yake yin komai.

Kazar da ke tsince shinkafa ta gudu. Kwanon da ke hannun Gwaggo ya tsaya a sama.

Inna ta saki hannunsa a hankali. Ta dubi matan da ke kewaye, ta yi ƙoƙarin yin dariya.

"Na ce... ba kyau ne. Kayan Kaka, cikin hular namiji."

Ba wadda ta taya ta.

Asma'u ta cire ƙafarta daga takalmi. Ta yaye lulluɓi daga fuskarta, a gaban kowa, abin da amarya ba ta yi. Idonta ya bushe.

"In daidai suke, Inna, mi ya sa kinka yi ƙara?"

"Asma'u, don Allah."

"Yaya, miƙo hular."

Bai miƙa ba. Bai kuma hana ba. Ta fizge ta, ta zazzage kan tabarma. Gwaggo ta ce subhanallahi, ba a yi, ba a yi. Asma'u ta sa haƙori ta kwance na farko.

Murjani ya gangaro, ja wur, da ɗan tabonsa gefen huda. Matan suka yi ajiyar zuciya. Ta kwance na biyu.

Gululu ne. Dunƙulen yumɓun nan mai huda da ake sa wa mazari don ya yi nauyi. Ya sha hannu har ya yi sulɓi. Duk wanda ya taɓa zama tsakar gidan nan ya san shi.

Arzika ya dubi hannun Inna da ba mazari. Sai abubuwa suka riƙa buɗe masa, ɗaya cikin ɗaya, ba tare da ya nema ba. Shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ganin murjani biyu a tafi ɗaya. Jiya Sakinatu ta ga nata da hantsi, Asma'u da la'asar. Tabo ɗaya gefen huda ɗaya. Ya tuna kuma ranar da Bafillacen nan ya aiko neman aure daga tsallake, dangi suna ta gunaguni wai nisa, wai wata ƙasa, Inna ce ta fara cewa Allah ya sa alheri, tun ba a gama sallama ba. Ɗaya a Bagudo, ɗaya a Faransa, ga gora a tsakani. Kafin a yi sunan fari, kafin labari ya ƙetare, wa ya san abin da Allah zai yi? Wataƙila ta tara na sayen wani. Wataƙila ta mutu. Gwamnati biyu sun taru sun yi mata shinge, ɗanta na cikinta ya zo da fensir ya cire.

"Ashe," in ji wata daga baya. Abin faɗa a rijiya ya samu.

"A raba shi biyu mana," in ji wata.

"A raba murjani? Ki raba ƙwai ki gani."

Inna ta koma kan turmi ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta kafa wa gululun ido, kamar tana so ta ɗauka ta mayar kan mazarinta ta ci gaba da kaɗi.

Asma'u ta juyo kan wanta.

"Kai mai ƙa'ida. Wanne ka ciro daga adudun wa?"

Ya yi ƙoƙari. Na Sakinatu yana hannun dama. Ko kuwa ya sauya da yake aunawa? Ya sauya. Sau nawa? Ko da bai sauya ba, hula ta cinye sauran. Ya dubi tsumman biyu a kan tabarma. Baƙi da baƙi, yagewa ɗaya. Duk binciken da ya yi tun hantsi, wannan ne kaɗai abin da ya tabbata daidai ne ba ko shakka.

"Ban sani ba," ya ce.

"Midil," in ji Gwaggo, ta aje kwanon.

Daga zaure Hamma Yero ya sake gyaran murya. Wannan karon ba wasa a cikinta.

"Masu gida, rana ta sauka kan ɗorawa. Mu za mu kwance dabbobi."

Arzika ne namijin gidan, shi ya kamata ya fita. Bai fita ba. Yana tsaye tsakanin tabarmi biyu, kai ba hula, fensir a kunne.

"Ɗauki murjanin ki tahi, ɗiyata," in ji Gwaggo. "Sakinatu ba ta da rigima. Ko ba haka ba, Sakinatu? Ɗauki, kada aurenki ya mutu kan dutse."

"Ba dutsen nike so ba," in ji Asma'u. Ta ninke lulluɓinta, ta aje gefe, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. "Ba ni tahiya sai na ji."

A waje aka ji ana kwance igiya, takarkari yana huci, wata Bafillata tana kiran ƴar'uwarta su tashi.

Sai Sakinatu ta motsa. Tun safe ba ta ɗaga lulluɓinta ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba. Ta rarrafo kan tabarma, ta ɗauki murjanin da hannu ɗaya, gululun da ɗaya. Ta je gaban turmi ta durƙusa, yadda take durƙusawa kullum in za ta gaida uwarta. Ta buɗe tafukanta biyu a kan cinyar Inna. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki.

"Inna, da Yaya bai girgiza hula ba, wanne zan tarar ranar suna?"